Yadda Yunanawa da Rumawa Suka Ci Amfanin Ƙasa

Ya kai mai karatu, yanzu da ka iya haɗa baƙaƙe, labarin mutanen da suka shuɗe yana hannunka, ba sai wani ya karanta maka ba. To, ga labarin waɗansu al'ummu biyu da suka zauna a gaɓar Bahar Rum, watau Yunanawa, waɗanda a ke ce wa Girkawa, da Rumawa, mutanen ƙasar Italiya. Mai yiwuwa ka taɓa jin sunayensu wajen zancen hikima ko na yaƙi. Amma ka sani yawancinsu manoma ne, ƙarfin biranensu kuwa daga gona da daji da rami ya fito. Abin da za mu duba shi ne yadda suka bi da ƙasar da ta ciyad da su, da abin da ta yi musu bayan haka.

Kafin mu shiga sai ka lura da lissafin shekaru. Daga haihuwar Annabi Isa a ke soma ƙidaya. Abin da ya auku kafin haihuwar, da baya da baya a ke ƙidaya shi, watau shekara ta 600 ta riga shekara ta 500. In ka ga K.H., ma'anarsa kafin haihuwar ke nan. In ka ga B.H., bayan haihuwar ke nan.

1. Ƙasar Yunanawa

Ƙasar Yunanawa ƙasa ce ta duwatsu da tsibirai. In an kasa ta kashi biyar, wajen kashi huɗu tuddai ne, filin noma kaɗan ne. Ruwan sama kuwa da sanyi ya ke zuwa, lokacin da mu ke cikin hunturu, watannin zafi su ne ranin ƙasar. Saboda haka manomi ya kan yi shuka wajen watan Nuwamba, ya yi girbi wajen Mayu ko Yuni.

Abu uku suka dogara a kai. Na fari hatsi, watau alkama da sha'ir. Na biyu inabi, wanda su kan ci, su kuma matse shi su yi giya. Na uku itacen zaitun. Ba su yi wa ƙasa gardama ba, kowane wuri suka ba shi abin da ya dace da shi. Kwari mai laushi na hatsi ne, gangaren tudu mai tsakuwa na zaitun da inabi ne, ƙwanƙolin dutse kuwa na awaki da tumaki da ƙudan zuma. Gonar hatsi su kan raba ta biyu, a shuka rabi bana, rabi ya huta sai baɗi.

Zaitun itace ne mai son haƙuri. Ya kan yi shekaru kafin ya yi 'ya'yan kirki, amma in ya kafu sai ya yi ɗaruruwan shekaru yana bayarwa. Da mansa su ke girki, da shi su ke kunna fitila, da shi su ke shafe jiki. Don haka mutanen birnin Atina suka keɓe waɗansu itatuwan zaitun, suka ce masu alfarma ne. Wanda ya tumɓuke ɗaya daga cikinsu, ko da a gonarsa ya ke, sai a kore shi daga ƙasa, a ƙwace dukiyarsa.

2. Dokokin Solon

Da mutane suka yawaita a ƙasar Atina, sai talakawa suka shiga hannun masu dukiya. Akwai manoman da tilas su ba da sudusin abin da suka girbe. Wanda ya ci bashi ya kasa biya, a kan kama shi ko 'ya'yansa a sayar, har zuwa wata ƙasa. An kakkafa duwatsu a gonaki don kowa ya san akwai hakkin wani a kansu. Gari ya yi zafi, har ana tsoron tawaye.

A shekara ta 594 K.H. aka naɗa wani mai hikima, sunansa Solon, aka ba shi ikon gyara dokoki. Ya sa aka tuttumɓuke duwatsun nan, ya yafe basussuka, ya hana a ba da rance bisa jinginar jikin mutum. Talakawa suka nemi ya raba gonakin masu dukiya daidai wa daida, ya ƙi. Sai ya zama ba wanda ya gamsu sarai, amma daga ran nan manomin Atina ya zama ɗa a gonarsa.

An ruwaito waɗansu dokokinsa ƙanana waɗanda kowane manomi zai gane amfaninsu. In akwai rijiyar jama'a da ba ta fi rabin mil daga gidanka ba, sai ka sha a can. In ta fi haka nisa, ka haƙa taka. In ka haƙa gaba goma ba ka tad da ruwa ba, kana da ikon ɗiba a ta maƙwabcinka sau biyu a yini, bisa ma'auni sananne. Ka ga dokar ta taimaki mabukaci, ba ta kuwa goyi bayan rago ba. In za ka dasa itace, ka bar ƙafa biyar tsakaninsa da iyakar maƙwabci, in kuwa ɓaure ne ko zaitun, ƙafa tara, gama saiwarsu ta kan yi nisa. In za ka ɗora amya, ka nisanta ta ƙafa 300 daga ta wanda ya riga ka. Ya kuma hana a fitad da amfanin gona zuwa waje, sai man zaitun kaɗai. Duk da haka hatsin ƙasar bai ishe su ba. Daga baya sai da jiragen ruwa suka riƙa kawo musu alkama daga gaɓar Bahar Aswad.

3. Azurfa da Itace

Kudu da Atina akwai wani wuri, Loriyon, inda a ke haƙar azurfa da darma. A shekara ta 483 K.H. aka tad da wata jijiyar azurfa mai kauri. Jama'a suka so a raba kuɗin kowa ya karɓi nasa. Wani shugaba, Temistokilis, ya ce a'a, a gina jiragen yaƙi. Aka bi shawararsa. Shekara uku bayan haka, a 480 K.H., jiragen nan suka karya rundunar Farisa a mashigin Salamis.

Amma ka dubi abin da azurfar ta ci. Dubban bayi ne su ke aikin, suna rarrafe cikin ramummuka matsattsu da 'yar fitila, waɗansu ramukan zurfinsu ya fi ƙafa 300. Narkad da dutsen kuwa sai da gawayi mai yawa, gawayi kuma daga itace ya ke. Jirgin yaƙi ɗaya, mai matuƙa 170, shi ma sai an kā da dogayen itatuwa. Har ya zama mutanen Atina suna neman katakon jirgi daga Makidoniya, can arewa. Inda aka sare daji kuwa, awaki su kan bi su cinye toho, itace ba ya komowa da wuri.

Aflatun, malamin nan da ya rasu a 347 K.H., ya lura da wannan. Ya rubuta cewa tuddan ƙasarsu a dā suna da manyan itatuwa da ƙasa mai kauri, amma a zamaninsa waɗansu ba su ciyad da komai sai ƙudan zuma, ruwan sama kuma ba ya nutsewa, gangarawa ya ke yi zuwa teku. Masu binciken ƙasa na zamaninmu sun haƙa kwaruruka a ƙasar, sun ga zaizayar ta soma tun kafin Aflatun da daɗewa, ta kan tsananta sa'ad da aka sheme daji, ko aka bar gonakin gangare ba mai kula da su.

4. Ganyen da ya Ɓace

Ƙarancin gona yana cikin abin da ya sa Yunanawa suka bazu suna kafa garuruwa a bakin teku. Wajen 631 K.H. waɗansu suka haye zuwa Afirka, suka kafa birnin Kurane a ƙasar da a ke kira Libiya yanzu. A can suka sami wani tsiro, silfiyum, wanda a ke sa wa a abinci, a ke kuma magani da shi. A jeji ya ke fita, ya ƙi yarda a shuka shi a gona. Ya yi tsada ƙwarai, har suka buga siffarsa a jikin kuɗinsu.

Bayan ƙasar ta koma hannun Rumawa, sai tsiron ya yi ta raguwa. Wani marubuci Barume, Filini, wanda ya rasu a 79 B.H., ya ce masu hayar filayen sun saki tumaki a kansa don sun ga ribar kiwo ta fi. Ya ce a zamaninsa kara ɗaya tak aka samu, aka aika wa Sarki Nero don abin mamaki ne. Ka ga abin da ya arzuta gari shekaru ɗari shida ya ƙare, domin kowa ɗiba ya ke yi, ba mai raino.

5. Rumawa da Gonakinsu

Tun fari Rumawa ƙananan manoma ne a bakin Kogin Tiba. Sai mai abin hannu a ke ɗauka soja, gama kowa shi zai sayi makamansa. Ma'aunin gonarsu sunansa yugera, watau filin da shanu biyu za su iya hudewa da garma a yini guda, ya ɗara rabin eka kaɗan. Sun gwanance ga awon ƙasa. In sun ci wata ƙasa, masu awo su kan yanka ta murabba'i murabba'i, kowane ɗaya yugera 200, da hanyoyi miƙaƙƙu a tsakani. Har yau wanda ya bi ta sama a jirgi yana ganin alamun layukan nan a arewacin Italiya da Tunisiya.

Wani kashi na ƙasar da aka ci da yaƙi a kan mai da shi na jama'a. Akwai tsohuwar doka da ta ce kada kowa ya riƙe fiye da yugera 500 daga ciki, watau wajen eka 300. Amma da yaƙe-yaƙe suka yi tsawo, ƙaramin manomi ya kan yi shekaru a fagen fama, ya komo ya tarad da gona ta zama saura, iyali cikin bashi. Sai ya sayar. Masu dukiya suka yi ta haɗiye gonaki, suka ƙetare dokar, suka kafa manyan gandaye, suka zuba bayin da aka kamo a yaƙi, kamar dai rinji. Waɗanda suka rasa gona suka kwarara cikin birni.

A shekara ta 133 K.H. wani wakilin talakawa, Tiberiyas Girakus, ya tashi ya ce a raya tsohuwar doka, a karɓe abin da ya haura, a raba wa marasa gona. Dokar ta tabbata, aka soma rabo. Amma cikin shekarar nan waɗansu manyan majalisa da mutanensu suka auka masa da sanduna, suka kashe shi da magoya bayansa wajen 300, aka jefa gawawwakin a kogi. Ƙanensa Gayus ya ɗauki maganar, shi ma ya halaka a 121 K.H. Bayan haka sojan da ba shi da gona ya koma sa ido ga sarkin yaƙinsa ya ba shi fili, biyayyarsa ta koma ga mutum, ta bar gari. Wannan yana cikin abin da ya jawo yaƙin basasa iri iri, har mulki ya koma hannun sarki guda, Agustas.

6. Cikin Birnin Rum

A zamanin Agustas mutanen birnin Rum sun kai wajen 1,000,000. Gonakin kewaye ba su iya ciyad da su. Daga Sisili da Masar da Afirka ta Arewa a ke kawo alkama a jirage, ana kuma raba wa mutum 200,000 hatsi kyauta. In iska ta tsai da jirage, sai birni ya shiga firgita.

Ruwan sha kuwa daga tuddai suka jawo shi. Sun gina hanyar ruwa ta fari a 312 K.H., daga baya suka kai goma sha ɗaya. Ɗaya daga ciki tsawonta ya fi mil 50. Ba inji, ba famfo, gangara kaɗai suka auna, ruwa ya taho da kansa, yawanci ta ƙarƙashin ƙasa, wani wuri bisa dogayen gadoji. A 97 B.H. aka naɗa Firontinas mai kula da ruwa. Da ya bincika sai ya tarad mutane suna huda hanyar a ɓoye, suna janye ruwan jama'a zuwa gidajensu da lambunansu, da sanin waɗansu ma'aikata.

In kana son ka san yawan abin da birnin ya ci, akwai wani tudu a bakin Kogin Tiba wanda tsayinsa ya fi ƙafa 100. Ba ƙasa ba ce, ba dutse ba ne, fasassun tulunan man zaitun ne zalla, yawancinsu daga Sifen. An kiyasta tuluna miliyan 53 ne. A arewacin Sifen kuma sun nemi zinariya ta wata hanya mai ban tsoro. Su kan haƙa ramummuka cikin tudu, su jawo ruwa daga nesa su tara, sa'an nan su sake shi gaba ɗaya, tudun ya rushe, su wanke ƙasar su tsince zinariya. Kufan wurin yana nan har yanzu, jajayen tsaunuka tsaye kamar haƙora. Hayaƙin maƙeran darma da azurfa na zamanin ya tashi sama, iska ta kai shi nesa, har masana sun sami ƙurarsa cikin tsohuwar ƙanƙarar Girinlan, can ƙarshen arewa.

Namun daji ma ba su tsira ba. Sa'ad da aka buɗe babban dandalin wasa na Rum a 80 B.H., an ruwaito dabba 9,000 aka kashe cikin kwana ɗari, don kallo kawai. A dā akwai giwaye a Afirka ta Arewa, amma farauta da neman haure da sheme daji suka ƙare su tun zamanin Rumawa. Koguna kuma suka yi ta kwaso laka daga tuddai suna zubawa a bakin teku. Kogi ya saba yin haka, amma saran daji ya kan ƙara masa kaya. Garin Ostiya, tashar jiragen Rum, yanzu yana wajen mil biyu daga teku.

7. Ƙasa ba ta Tsufa

Kada ka ɗauka Rumawa duka maɓarnata ne. A cikinsu akwai masu lura. Da suka rushe birnin Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yanzu, a 146 K.H., majalisarsu ta sa aka juya littattafai 28 na noma da wani mutumin birnin, Mago, ya rubuta. Ba su raina ilmin abokin gaba ba.

Wajen 60 B.H. wani manomi mai ilmi, Kolumela, ya rubuta littattafai 12 a kan noma. A zamaninsa manya suna kukan ƙasa ta tsufa, ta gaji kamar tsohuwa da ta bar haihuwa. Shi ya ƙi yarda. Ya ce laifin na masu gona ne, da suka tare a birni suka bar gona a hannun bayin da ba su da rabo a cikinta, suka kuma hana ta taki. Ya koyad da yadda a ke tara taki a rami ya ruɓe, ya ce kashin tantabaru ya fi kowane ƙarfi. Ya ce a shuka wani irin wake, in ya yi ganye a hude shi cikin ƙasa. Yanzu an san dalili. A saiwar wake akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke jawo abincin shuka daga iska su ajiye cikin ƙasa.

A Afirka ta Arewa aka ga gaskiyar maganarsa. An tono wani dutse a Tunisiya mai rubutu na wajen 116 B.H., yana bayyana ƙa'idar haya. Manomi zai ba mai ƙasa sulusin alkama da sha'ir da mai. Amma in ya raya saura ya dasa sabon zaitun, ba a karɓar komai daga gare shi sai bayan girbi goma, in inabi ne ko ɓaure, girbi biyar. 'Ya'yansa za su gāji hakkin. In kuwa ya bar wurin shekara biyu ba noma, hakkin ya fāɗi. Da mutum ya tabbata shi da 'ya'yansa za su ci, sai ya dasa. Da haka ƙasar ta cika da zaitun.

Kudu da Tarabulus kuma, garin nan da fataken Kano suka sani a dā, akwai busassun kwaruruka a bakin hamada. Mutanen ƙasar, a zamanin Rumawa, suka gina gajerun katangun duwatsu a gicciye cikin kwarin. In an yi ruwa sau ɗaya rigyawa ta taho, katanga ta tare ta, ruwa ya nutse, laka ta kwanta. A nan suka shuka sha'ir da alkama da zaitun. Masu bincike sun ga ruwan saman lokacin bai fi na yanzu da wani abin kirki ba. Katangun ne suka yi aikin, da hannuwan da ke gyara su kowace shekara.

8. Abin Lura

Daular Rum ta yamma ta fāɗi a 476 B.H. Dalilanta suna da yawa, ba za a ce lalacewar ƙasa kaɗai ba ce. Har yanzu ana noman zaitun da alkama a ƙasashen nan, daji kuma ya komo a wurare da dama. Amma silfiyum bai komo ba, giwayen ba su komo ba, ƙasar da ruwa ya kwashe daga kan dutse kuwa sai bayan dubban shekaru ta ke taruwa.

To, ya kai mai karatu, gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. In kana da gona, ka tuna da Kolumela ran da ka ji kanka kana cewa ta gaji, ka tambayi kanka yaushe rabonta da taki. In ka ɗauki gatari, ka tuna da tuddan Atina. In kuwa kana cikin masu rabon fili ko masu ba da aro, ka tuna da dutsen nan na Tunisiya, gama ba mai dasa itace a inda ya ke tsoron za a tashe shi baɗi.

Tambayoyi

1. Wace shekara ta riga, 594 K.H. ko 483 K.H.?
2. Faɗi abu uku da Yunanawa suka fi nomawa, da wurin da ya dace da kowannensu.
3. Mene ne Solon ya ce wa wanda ya haƙa gaba goma bai sami ruwa ba?
4. Don me aka kashe Tiberiyas Girakus?
5. Me ya sa manoman Tunisiya suka yarda suka dasa zaitun a ƙasar da ba tasu ba?
6. Akwai wani itace ko naman daji da tsofaffin garinku suka sani, wanda ba ka gani yanzu? Ka tambaye su, ka rubuta abin da suka gaya maka.